Esin Motar Baban Auta

Da la'asar sakaliya na kai motar gareji, a duba min esinta da ba ya ba da sanyi. Tsohuwa ce, ta baban yarana. Tun da ya rasu take ajiye a bayan gida, gilasai a rufe, har tayoyinta suka kwanta. Ban tashe ta ba sai da ciwon asmar Auta ya tsananta. Likita ya ce in raba ta da ƙura da hayaƙin titi. To ni kuma ya zan rufe gilashi a kan yarinya babu esi?

Abin da ya fi damuna, duk ranar da na ɗauko ta daga makaranta a motar nan, sai ta sauka tana haki. Na ɗauka zafi ne.

Bakaniken dattijo ne mai barkwanci. Yana ganinmu ya ce, "Hajiya, wannan ai ta girmi Auta, ta kusa kamo ki."

"Kai dai duba min, Baba. Gyara na zo, ba tonon asiri ba."

Auta ta yi dariya daga kujerar gaba. Garejin ya watse, sai warin baƙin mai da ƙarar wani rediyo can nesa.

Ya ɗaga bonet. Ya duba fiyus, lafiya lau. Ya taɓa bel, bai saki ba. Ya ɗaura agogonsa na auna gas, allura ta tashi daidai. Na tayar da mota, kwamfireso ya ɗauka, ƙas. Ya ce in zo in dafa wani bututu. Sanyi ƙalau, har da raɓa.

"Sanyi kam tana yi," in ji shi. "Ina yake zuwa?"

Ya sa na kashe injin. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya shafa a mahaɗar bututun, wai in akwai inda yake yoyo kumfa za ta nuna. Kumfa ɗaya ta taso. Ta kumbura. Sai ta lotsa. Ta sake kumbura.

Na ce, "Ga yoyon nan ko?"

Ya ƙura wa kumfar ido. Can ya ce a hankali, "Yoyo fita yake yi, Hajiya. Ba ya komawa."

Ya tsinko zare daga tsumman hannunsa, ya leƙa ta tagar Auta, ya riƙe shi a bakin ramin da iska ke fitowa. Mota a kashe. Makulli a hannuna.

Zaren ya miƙe. Ba waje ba. Ciki.

Ramin ya sake shi, ya kuma jan shi. Sannu a hankali, kamar ƙirjin mai barci.

Wani wari ya bugo ni, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da ɗumin baki a cikinsa.

Baba ya raɗa min, "Ta daɗe a ajiye?"

Na gyaɗa kai.

"Da za ki tashe ta, kin yi sallama? Kin yi bisimilla?"

Ban yi ba. Wa yake yi wa mota sallama?

"Yarinya," ya ce, bai ɗaga murya ba, "fito. Kar ki yi sauri."

Auta ta kai hannu ƙofa. Sai gilashin ya fara hawa da kansa. Da kyar Baba ya zare hannunsa. Makullan ƙofofi suka faɗa, ƙat.

Rediyon nan na nesa ya yi shiru.

Na ja ƙofa. Na murɗa makulli. Kamar an yi mata walda.

Ina kallo, bakin ɗankwalin Auta ya karkata wajen ramin iskar. Ta buɗe baki. Kafaɗunta na ɗagawa, babu abin da ke shiga.

"Umma," leɓenta ya ce. Ban ji sauti ba.

Abin shaƙarta yana cikin jakata, a kafaɗata, a waje.

Leɓenta ya fara duhu.

Baba yana karanto addu'a. Ni kuwa duk addu'ar da na iya ta gudu, sai "Ya Allah, ya Allah". Na rarumo wata ƙatuwar sifana. Na maka wa gilashin baya. Ya ƙi. Na sake makawa.

Ya tarwatse.

Iska ta ruga ciki da ƙarfi har mayafina ya bi ta. Daga ƙarƙashin sitiyari na ji wani dogon nishi, na wanda aka ƙwace wa abinci.

Muka jawo ta ta tagar. Gilashi ya yanke ni, ban sani ba sai daga baya. Na danna mata abin shaƙa. Shiru. Na sake dannawa.

Ta yi tari.

Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan tarin ba.

Auta ta samu sauƙi, haki ya ragu sosai. Yanzu da ƙafa nake raka ta makaranta, da ƙyalle a hancinta. Masu son sayen motar sun zo, har wani mai ƙananan yara ya nace. Na ce ba ta sayarwa ba ce.

Tana can bayan garejin. Baba ya cire batir, ya zare injin, ya toshe tagar da na fasa da katako. Amma ya ce min kullum da safe sai ya tarar gilasanta sun yi gumi.

Daga ciki.