Sarewar da Mang Poldo Ya Buɗe

Magariba ta kawo jiki, Aling Sion tana soya busasshen kifi, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo. Ta leƙa, layin shiru, ko kare babu.

Mijinta Mang Poldo kafinta ne, bakinsa ya fi zartonsa kaifi. Ya daɗe yana gyaran ogan ɗin kakansa, akwatin kiɗan nan na falo mai zugazugi da jerin sarewar gora. Ranar ya tarar an toshe mafi kaurinsu da kakin zuma. Ya ce shirmen tsofaffi ne, ya ƙwaƙule, ko gafarar da ake nema wurin mutanen ɓoye bai nema ba. Ya taka zugazugi.

Tun daga nan 'yarsu Dalisay ta daina cin abinci. Tana zaune baki buɗe, ƙara ɗaya mai kauri na fita daga maƙogwaronta, ba ta yankewa. Yarinya tana ta zubewa.

Aka kira Lolo Inggo, tsohon mai magani. Ya ɗiga kyandir a ruwa, ya daɗe yana dubawa.

Ya juya ga yarinyar. "Kai wane ne?"

Bakin yarinyar ya motsa, muryar ta gardi ce. "Da ni aka sare gorar nan. Kakansu mutumin kirki, ya sa min ƙofa. Wannan mai kan kwakwar ya huro ni waje ko wando babu!"

"A yi haƙuri," in ji Lolo. "Koma ɗakinka, a rufe."

"Nan ya fi ɗumi."

"Za ta mutu, ka sake rasa ɗaki."

Lolo ya juya ga Poldo, ya ce a sake toshe sarewar.

"Lolo," in ji Poldo, "in babu sarewar nan, kiɗan gurgu ne fa."

Sion ta ɗaga kasko. "Gorarka ko 'yarka?"

Poldo ya tashi ya narka kaki.

"Na koma," in ji muryar. "Amma ban yarda da shi ba. Zan riƙe jingina."

Dalisay ta yi atishawa, ta dubi uwarta. "Nanay, akwai sauran shinkafa?"

Ta warke sumul, har ta koma waƙa a coci. Sai dai duk sanda waƙar ta gangaro kan wannan ƙara mai kauri, bakinta zai buɗe, wuyanta ya motsa, ba abin da ke fita.