Jar Mota Mai Kujera Biyu

Da mai walda ya dawo daga cin abincin rana, ya tarar jar motar ta gangaro daga tudun simintin da ake hawar da motoci, ƙafafun Oga, mai garejin, sun leƙo daga ƙarƙashinta. Rediyon garejin bai daina magana ba.

Sufeton 'yan sanda ya iso, ya tsaya yana kallon motar. Tsohuwar motar tsere ce mai kujera biyu, marar rufi. Ya san ta. Shekara goma sha biyu da suka wuce, yana ƙaramin ɗan sanda, ya tsaya a kanta cikin wani kwazazzabo ana ciro gawar Injiniya, mai ita. Da hannunsa ya rubuta cewa haɗari ne.

Ya zagaya ta a hankali. An sauke burkin hannu. Katakan da ake tokare tayoyi suna can jikin bango. Sandar giya tana furi, wato ba ta cikin kowace giya, wani yagaggen salatif na reto a jikinta.

"Wane aiki ake mata?" ya tambayi mai walda.

"Giyabos muke canza mata, yallaɓai. Wannan sabon yana da ƙarin giya, obadiraib, wadda ke sa inji ya huta a doguwar hanya. Marigayi Injiniya ne ya saye shi bai samu ya ɗaura ba. Matarsa ta ce a cika masa burinsa."

"Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Wajen mai abinci, mu bakwai a benci ɗaya. Kafin nan ina can ina rage farfela."

"Mece ce farfela?"

"Ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya. Sabon giyabos ɗin ya fi tsohon tsawo, dole a yanke ta. Ga ta can kan teburina tun jiya."

Mai wayarin, wanda ke aikin wayoyin wutar mota a garejin, yana zaune a kan taya. Ya ce ya je kasuwa neman waya, kuma mai shagon ya shaida hakan. Da Sufeto ya nuna masa salatif ɗin, sai ya miƙe zumbur.

"Wa ya taɓa wannan? Ni na ɗaure ta a giya ta huɗu don in saita makunnin obadiraib ɗin. Oga da kansa ya riƙe mini na naɗa!"

"Da an bar ta a giya, da motar ba ta gangaro ba?"

"Haba, yallaɓai. Motar da babu farfela? Ko a wace giya take, ba abin da ya haɗa ta da taya. Burkin hannu da katako ne kaɗai ke riƙe da ita. Duk garejin nan an sani."

Matar Oga ta iso ba ko takalmi. Da ta samu ta iya magana, ta ce jiya mijinta bai taɓa abincinsa ba.

"Na ce Baban yara lafiya? Ya ce motar nan ta faɗa masa wata magana, ya rasa inda zai sa ta. Yau da safe na ji ya buga waya gidan masu motar."

Sufeto ya sa aka kawo masa abin da aka samu a aljihun mamacin: sifana, guntun alli, da wani ɗan bututun ƙarfe a naɗe cikin tsumma. Mai walda ya ce na burkin jar motar ne, na asali, domin ba su kai ga taɓa burki ba tukuna. Sufeto ya kai shi bakin ƙofa inda ke da haske. Gefe guda sabon yanka ne, na Oga. Ɗaya gefen ya yi baƙi don tsufa, amma sawun zarto na nan sarai, an ci rabin bututun aka bar sauran ya fashe a hanya. Ya daɗe yana kallonsa. A wancan karon, a kwazazzabon, ko sunkuyawa bai yi ya duba ƙarƙashin motar ba.

Da yamma ya je gidan marigayi Injiniya. Matar marigayin ta karɓe shi a falo, ƙanin mijinta na gefe, mutum mai furfura da taushin murya, wanda ya ci gaba da riƙe kamfanin yayansa.

"Wa ya ɗauki wayar Oga da safe?"

"Ƙanena ne," in ji matar. "Ina wanka. Ya ce mini maganar fenti ce."

"Allah ya jiƙansa," in ji ƙanin. "Tsufa ne. Mutum ya shiga ƙarƙashin mota ya bar ta a furi, ai sai abin da Allah ya yi."

"Wa ya ce maka a furi take?"

Ƙanin ya ce, "Haka na ji ana faɗa."

"Mu uku muka gani, kuma biyun suna ofishina har yanzu."

Sufeto ya ajiye bututun a kan tebur.

"Oga ya ga wannan jiya, ya kira don ya faɗa wa matar yayanka, sai ya faɗa wa wanda ya yanka. Ka jira ma'aikata suka fita. Ka janye katakan, ka sauke burkin hannu. Sannan ka yaga salatif ka fitar da giya, don kana tsoron za ta riƙe motar. Babu ma'aikacin garejin da zai ɓata lokacinsa a kan wannan, sun san farfela na kan tebur. Baƙo ne kawai zai yi."

Ƙanin ya ɗauki kofin ruwa, ruwan ya zube masa a riga.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta dubi bututun, ta dubi mutumin da 'ya'yanta suka tashi suna kira Baba.

"Da na bar motar nan a rufe," ta ce a hankali, "da bawan Allahn nan yana gida yana cin abinci da 'ya'yansa."

"Da na duba tun farko, da ba a kai nan ba," in ji Sufeto.

Bayan an tafi da ƙanin, ya koma ofis ya sa aka nemo masa tsohon fayil ɗin. Shafi ɗaya ne da rabi. Ya zauna ya karanta shi har ƙasa, inda sa hannunsa yake.