Satar Bawul a Bukan Sidi

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na ranar Lahadi, Injiniya Iorkyaa ya taso daga coci, ya biya ta shagonsa na Bukan Sidi, ya buɗe kwaɗo da hannunsa, ya tarar an ɗauke masa aikin shekara tara. Ba a fasa ƙofa ba. Ba a taɓa janareta ba, ko sufana ɗaya ba ta yi ƙafa ba. Abu biyu ne kawai babu: wani ɗan zoben ƙarfe da bai fi murfin kwalba ba, da littafin zane mai baƙin bango.

Sufeto Rumaisa Baffa aka turo. Duk Lafiya an san halinta, ko sallama ka yi mata sai ta juya ta ta duba bayanta. Shekara goma sha shida tana sauraron masu rantsuwa, har ta kai ba ta yarda da hawaye, ba ta yarda da furfura. Ga shi Injiniya ya haɗa duka biyun, don haka shi ta fara sa wa ido.

"Injiniya, bar kukan nan tukun. Me aka sace? Yi min da Hausar kasuwa."

"Bawul ne, Madam, na zuciya." Ya haɗa yatsu uku yana buɗewa yana rufewa. "A zuciyar mutum akwai ƙofa. Jini ya wuce, ta rufe kar ya dawo. Ta matata Hembadoon ce ta lalace. Wanda ake sa wa mutum daga waje ake kawo shi, ya fi ƙarfinmu. Na ce zan ƙera namu. Shekara huɗu ke nan da ta mutu, ban gama ba sai bana."

"To wa zai sayi murfin kwalba a kasuwar Lafiya?"

"Ba maganar kasuwa ba ne. Ranar Alhamis zan kai takarda Abuja a yi min rajistar mallakar ƙirƙira. Lauya ya ja min kunne, ya ce kafin ranar kar ido ya gani. In wani ya riga ni kaiwa, nasa ne. In zanen ya fita duniya kafin a karɓi takarda, shi ke nan, ba a yi wa kowa rajista. Kuma ba kamfanin da zai zuba injinansa a kan abin da kowa zai kwafa. Madam, kwana huɗu ya rage min."

Rumaisa ta daina kallonsa, ta kalli ƙasa. A can saman kanta akwai tanki mai cin jarka guda, cike da ruwan gishirin Keana da ya rina da zoɓo don ya riƙa ganin tafiyarsa kamar jini. Tiyo biyu sun sauko, nan tsakaninsu bawul ɗin yake zama ana gwada shi. Wanda duk ya zare shi, ya kamata jan ruwa ya wanke shagon har bakin titi. Amma siminti a bushe yake ƙarau. An ninke bakin kowane tiyo biyu, an naɗe da filasta daga akwatin magani da ke rataye a bango. Ta durƙusa ta duba da kyau. An lanƙwasa ƙarshen filastar ya yi ɗan kunne, yadda mai warwarewa ba zai sha wahalar neman baki ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Ɓarawo mai tausayin wanda zai warware. Kai ka ɗaure wannan?"

"A'a. Ni famfo nake rufewa, yana bayan tanki."

Sai da ta hau kujera ta leƙa kafin ta ga famfon. A buɗe yake.

"Makulli nawa ne?"

"Uku. Ni, da ɗana Tersugh, da Malam Babandi na shagon kusa, shi yake yanka min ƙarfe."

Kafin ta fita ta ja durowa, ta ga fom ɗin Abuja an cike shi tsaf. A gurbin waɗanda suka ƙirƙira, suna biyu: Iorkyaa da Tersugh.

Da la'asar ta sami Tersugh a inuwar mangwaro yana wanke kekensa mai ƙafa uku na haya. Magidanci ne ɗan shekara talatin, faɗin kafaɗa kamar ƙofa.

"Mene ne aikin bawul?"

"Abeg, Madam, ni keke nake ja."

"To me sunanka yake yi a fom?"

Ya sosa ƙeya. "Baba ne ya ce in ya mutu abin ya zauna a gida."

"Ina kake da safe?"

"Coci, tun ƙarfe takwas. Ni ke buga ganga. In na tashi ko minti biyar waƙa ta tsaya, tambayi kowa."

Ta tambaya kuwa, mata uku da fasto. Makullinsa kuma yana zobe ɗaya da na keke, a aljihunsa ya wuni. Bayan haka, wane mahaukaci ne zai saci abin da za a miƙa masa ranar Alhamis? Ta soke sunansa.

Saura Babandi, kuma biri ya yi kama da mutum. Maƙwabta sun ce makon jiya an ji su da Injiniya suna ɗaga murya. Ranar Lahadi shagonsa a rufe. Litinin da hantsi Rumaisa ta zauna masa a benci, ta ƙi tashi.

"Malam Babandi, me ya haɗa ku faɗa?"

"Hajiya, na ce masa zoben ya yi siriri, ya ce ban je jami'a ba. Na ce ƙarfe bai san jami'a ba. Shi ke nan."

"Jiya fa?"

"Doma. Injin casar shinkafa na je gyarawa."

"Wa ya gan ka?"

"Injin."

Dattijon nan da taurin kai yake! Ta juya shi hagu, ta juya shi dama, awa biyu cur, bai motsa ba. Da ta miƙe, sai ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta fizge tiyon man janaretarsa. Fetur ya tsinke.

"Subhanallahi, Hajiya!"

Kafin ta ƙifta ido ya murɗa famfon man, ya zaro ƙusa mai kauri daga aljihu ya cusa a bakin tiyon. Ga filastar wuta a gabansa a kan benci, ko kallonta bai yi ba.

"Famfon da ke bayan tankin Injiniya, wa ya sa shi?"

"Ni, da hannuna."

Rumaisa ta yi tsaki, ita da kanta ta yi wa. "To ka riƙe makullinka. Cikin ukun nan babu mai amfani."

"Uku? Wa ya ce uku? Ni na sayo kwaɗon nan a Makurɗi shekara shida da suka wuce. Huɗu ne a zoben."

A bakin shagon ta tsaya ta kira Injiniya a waya. Ta tambaye shi makulli na huɗun.

"Na Hembadoon ne," ya ce. "Wallahi na manta. Yana jakarta. Bayan biso aka raba kayanta wa 'yan'uwanta mata, yadda aka saba."

"Wa ta ɗauki jakar?"

"Ƙanwarta, Perpetua. Amma Madam, ba ita ba ne. Ita ta yi jinyar matata. Nas ce."

"Nas," in ji Rumaisa. Ta tare keke.

Ƙarfe goma sha biyu ta isa wani ƙaramin asibiti a hanyar Doma. Ba ta gaya wa kowa aikinta ba, ta zauna a bakin ɗakin mata kamar mai jiran mara lafiya. Sista Perpetua, doguwa mai gilashi, tana tsaye kan wata tsohuwa da ake yi wa ƙarin ruwa. Ruwan ya ƙare, ɗan makullin tiyon kuma ya lalace, kamar yadda suke lalacewa kullum. Bakinta yana yi wa 'yar tsohuwar faɗa a kan gishiri a miya, hannunta yana nasa aikin: ta ninke tiyon biyu, ta naɗe da filasta, ta lanƙwasa ƙarshen ya yi ɗan kunne. Ko dubawa ba ta yi ba. Hali zanen dutse.

Rumaisa ta bi ta ofis, ta rufe ƙofa, ta nuna katinta.

"Sista, ina kike jiya da safe?"

"Na je cocin ƙarfe shida, na dawo gida."

"Daga gida sai Bukan Sidi da makullin yayarki. Zauna ki ji. Ba a fasa kwaɗo ba, ke nan mai makulli ne. An bar famfo a buɗe, ke nan ba Injiniya ba ne, ba Babandi ba ne, su biyun sun san inda yake. Bakanike in tiyo ya tsinke masa ƙusa yake cusawa. Ɓarawon titi kuwa ina ruwansa, ya bar ruwa ya malale. Wanda zai ninke tiyo ya naɗe, har ya bar wa na bayansa kunne, sai wanda ya yi haka sau dubu a kan gadon mara lafiya. Yanzu na ga kin yi wa tsohuwar can."

Perpetua ta kalli yatsunta. Sannan ta sunkuya ta jawo kular ajiye allurai daga ƙarƙashin tebur, ta buɗe. Ga bawul a kwalba cikin ruwansa, ga littafi a leda.

"Ban ɗauki na wani ba," ta ce.

A ofishin 'yan sanda aka haɗa su. Injiniya ya rungume kwalbar nan a ƙirji, bai iya kallon ƙanwar matarsa ba.

"Perpetua, ke? Me na yi miki?"

"Baban Tersugh, tambayata kake? Wa yake zuwa mahauta duk Asabar ya sayo zuciyar saniya, ya tsaga ya nuna maka yadda ƙofar take? Da naka na ƙarfe zalla yake maƙalewa, wa ya ce a sa tantanin zuciyar saniya? Wa ya ɗinke shi a zoben da zaren tiyata, sau nawa idona yana ruwa? Shekara tara! Shekaranjiya na zo auna maka jini, ka ce in ɗauko maka biro a durowa, na ga fom. Tersugh! Yaron da ko jinin kaza ya gani sai ya kau da kai. Ni ba 'yar gida ba ce, ko? Yayata ta mutu, dangantaka ta mutu."

Rumaisa ba ta saba jin tausayin wanda ta kama ba, amma yau ta ji, kuma haushin mai kayan ya cika ta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

"Injiniya, ga kayanka. In ka ce kotu, kotu. Sai dai kayan za su zauna wurinmu a matsayin shaida, Alhamis kuma ba ta jira."

"Na janye." Ya juya wajen ƙanwar matarsa. "Na yi laifi, Perpetua. Zan cire sunan yaron, in sa naki. Mu je Abuja tare."

"Ka sa, kar ka sa, duniya ta riga ta sani," ta ce. "Na tura ɗazu."

"Kin tura me?"

"Hoton littafin. Shafi-shafi, don kar a ce ƙarya nake. A zaurenmu na nas-nas na waya."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Ɗari huɗu da wani abu. Wasu ma sun tura gaba." Ta ga yadda fuskarsa ta yi, ta dubi Rumaisa. "Mene ne? Ai ranar Alhamis sai a yi rajistar."

Babu wanda ya taɓa gaya mata gargaɗin lauya. Da Injiniya ya gaya mata, da sai ya gaya mata maganar fom, shi ya sa ya yi shiru. Rumaisa ce ta yi mata bayani, a taƙaice, ba ta ɗaga murya ba. Perpetua ta ɗora hannu biyu a ka, ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

Rumaisa ta ɗauki wayar Perpetua ta duba lokacin da aka tura saƙon. Sha ɗaya da minti ashirin. A daidai lokacin tana can tana zubar wa Babandi fetur.

Wayar sai ƙara take, saƙo kan saƙo, masu murna, masu addu'a, masu tambayar yaushe za a fara sa wa mutane. Injiniya ya ajiye kwalbar a tebur a hankali.

"Madam, karanta min abin da ta rubuta."

Rumaisa ta ja saƙon sama, ta karanta masa yadda yake: "Ga bawul na zuciya da aka ƙera a nan Lafiya, don tunawa da yayata Hembadoon. Aikin Injiniya Iorkyaa ne, da ni Perpetua."

"Sake karanta ƙarshen."

Ta sake.

"Ta sa sunana," ya ce.

"Ta sa. Naka ne ma a gaba."