Liƙi a Goshin Jibo

"Makaɗi, Rahina? Duk mazan Yamai ki rasa wanda za ki kawo mini sai makaɗi?"

Rahina na durƙushe gaban mahaifinta, Malam Salisu, tana murza bakin mayafinta, hawaye na sauka.

"Baba, wallahi ba makaɗi ba ne. Gyaran lantarki yake yi. Sarewar don yara kawai yake busa ta..."

"Da mai busa da mai kiɗa duk tafiyarsu ɗaya. Mu a Damagaram ba mu haɗa jini da maroƙa, kin sani."

"Ka zo fet ɗin lakwal ɗinmu, bikin makarantar, ka gan shi da idonka. In ka ga roƙo a tare da shi, na haƙura."

Ya daɗe yana kallonta.

"Zan zo. Amma ki riƙe abin da kika faɗa."

Haka ta ɗaure kanta da bakinta, ta tashi tana murna.

Rahina malama ce a wata makarantar ƙananan yara da ke unguwar Gudel, yaran suna kiranta Tanti. Bara shugabar makarantar ta dawo daga wani horo da waƙoƙin ƙasar Irlandi a wayarta, na murnar wucewar sanyi da fitowar furanni, ta ce a koya wa yara da bazara. Rahina ta yi dariya har da riƙe ciki. Wace bazara? Ta Yamai, wadda ko ƙadangare ke neman inuwa? Amma karin waƙoƙin ya kama ta. Sai ta zubar da kalmomin, ta ɗora nata na Hausa: agwagi a bakin kogi, mangwaro ya nuna, hadari ya taso. Yara su yi da'ira, su yi tsalle, su juya.

Ana cikin haka aka kira Jibo gyaran fanka. Haifaffen Yamai ne, Hausarsa da ɗanɗanon Zabarmanci. Yana kan tebur aka ɗauke wuta, kiɗa ya mutu, yara suka tsaya cirko-cirko. Washegari ya dawo da wata 'yar sarewar ƙarfe, ya busa musu karin nan kaf, daga ji ɗaya. Fankar kuwa ta yi ta lalacewa bayan nan, har shugaba ta daina tambaya.

Rahina ta so shi, so mai tsanani. Kuskurenta ɗaya, ta faɗa wa Zuwera sharaɗin Baba. Zuwera, malamar ajin da ke kusa da nata, ta daɗe tana aika wa Jibo zoɓo mai sanyi, shi kuwa ya sha ya yi godiya ya wuce.

Ranar fet zafi kamar ya fasa kai. Iyaye sun cika rumfa, Malam Salisu a layin gaba cikin farar babbar riga. Jibo ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, Rahina ta ga Baba ya amsa da sakin fuska, zuciyarta ta yi sanyi.

Yara suka fito, Jibo ya ɗora sarewa.

Rawa ta yi kyau, har yaron da ya saba kuka yau tsalle yake yi. Sai ga Zuwera ta ratso fili tana rangwaɗa, ta rangaɗa guɗa, ta zaro takardar kuɗi ta manna a goshin Jibo. Gumi ya riƙe ta ram.

Uwayen yara ba su san komai ba. Suka ga an buɗe hanya, suka taso suna liƙi, wata har tana cewa a yi wa ɗanta kirari.

Rahina ta daskare. Cire, Jibo. Don Allah cire...

Ya kalle ta, ya kalli Baba, ya gane sarai. Amma sarewa hannu biyu take ci, yara kuma na tsakiyar juyi, idonsu a kansa. In ya tsaya, su watse gaban iyayensu. Bai tsaya ba. Ya busa har ƙarshe, kuɗi na zuba a ƙafafunsa.

Kafin a gama tafi kujerar Malam Salisu ba kowa.

A gida bai yi faɗa ba, abin da ya fi kashe ta ke nan.

"Na gani da idona, kamar yadda kika nema."

"Baba, makirci ne. Ko dala bai ɗauka ba, shugaba ya bar wa ta sayi alli."

"Na yarda. Amma abokan aikina na dā suna rumfar. In an tambaye ni wa na ba 'yata, in ce wa? Ki gaya mishi kada ya turo kowa."

Ta yi kuka, ta daina cin abinci, ta sa gwaggonta ta roƙa. Ko gezau.

Da la'asar ɗin wata Asabar suka haɗu a bakin garakan Gudel, inda masu lambu ke ban ruwa. Jibo ya rame.

"Rahinata, zan jefa sarewar kogi. Ki ce ma Baba na bari har abada."

"Ba sarewar ba ce yanzu, masoyina. Abin da ya gani ne."

"To mu jira. Wataƙila ya huce."

"Ni na ba shi maganata, Jibo. Ba ya mantuwa."

Ya sunkuyar da kai.

"Da na tsaya... da yanzu an sa mana rana, ko?"

"I, da an sa."

"Kina jin haushina?"

Ta girgiza kai, hawaye ya ɓalle mata.

"Da kai mai tsayawa ne ka bar yarana a tsakiyar fili, da tun farko ban so ka ba."

Ta ja mayafinta ta haura titi ta tsai da taksi. Da direba ya tambaye ta inda za ta, sai da ya maimaita kafin ta iya cewa gida.