Juma'ar da Dankali Ya Yi Baƙi

"Ka tsaya ka ci ko guda ɗaya ce, Hennes!"

Wiebke ce ta faɗa, tana tsaye bakin kasko, mai na ƙara, wainar dankali ta fara ja a gefe. Mijin nata kuwa har ya saka kwat.

"Sori, masoyiya. Kin san yau Juma'a, Mama na jira."

"Ni ma jiran nake, shekara huɗu ke nan! Duk Juma'a ka tafi ka ci waina a teburinta, ni a bar ni kamar mayya. Ga akwatina can bakin ƙofa. Jirgin ƙasan yamma zan bi, in koma Husum, can bakin teku, gun iyayena, kuma ba dawowa!"

Hennes ya sosa ƙeya, ya ce in ya dawo sa yi magana, ya fice. Haka yake, bawan Allah: ga son mata kamar ya mutu, ga tsoron uwa.

Abin takaicin ma, a kan me? Ranar da ya fara kai Wiebke gidansu nan birnin Köln na ƙasar Jamus, ta tarar da Frau Pütz, mahaifiyarsa, tana gurza dankali da hannu, gumi na zuba. Tausayi ya kama ta, mako na zagayowa ta sayo mata injin gurza, sabo dal. Tsohuwa ta dubi inji, ta dubi yarinya.

"Au, na tsufa ke nan? Uwata da hannu ta gurza, kakata da hannu, sai 'yar bakin teku ce za ta koya mini waina? Ɗauke tsiyarki!"

Tun daga ranar ba ta sake ba ta kujera a gidan ba. Wiebke ta ba da haƙuri, ta aika furanni, ta kai gaisuwar Kirsimeti har bakin ƙofa. Shiru, kamar an shuka dusa.

Tana cikin share hawaye sai ga Hennes ya dawo a guje, idanu jawur.

"Wiebke, Mama ta kasa! Sanyin ƙashi ya kumbura mata yatsu. Tun safe take gurza, kafin ta gama ɗaya wancan ya yi baƙi ƙirin. Na ce in taya ta, ta kore ni. Ashe ta daɗe tana ɓoyewa, ni kuwa ci kawai nake, ban taɓa leƙa kicin ba!"

Wiebke ta dubi akwati, ta dubi agogo. Zuciya ta ce, ina ruwanki? Amma ta san gurzajjen dankali ba ya jiran kowa, dole hannu ɗaya na gurza ɗaya na suya. Ta ja dogon numfashi.

"Mu je."

Suka tarar da tsohuwa zaune gaban kwano mai baƙin ƙulli, ta haɗa kai da gwiwa.

"Frau Pütz, ku kunna wuta, ni zan gurza."

"Da inji?"

"Da hannu."

Tsohuwa ta turo mata magurji ba tare da ta dube ta ba. Wiebke ta fere sabon dankali, ta gurza har da albasa, ta matse cikin ƙyalle.

"Ke! Kar ki zubar da farin da ya kwanta a ƙasan ruwan, shi ke kama wainar!"

"Na sani. Duk Juma'a nakan yi ta ni kaɗai, ko wata rana za ku kira ni."

Cokali ya tsaya a hannun tsohuwa. Aka fasa ƙwai, aka sa gishiri, ta soya ta farko har ta yi ƙus-ƙus, ta zuba markaɗen tuffa a gefe. Hennes ya miƙo faranti kamar kullum, ta ture shi.

"Ba taka ba ce! Zauna, 'yata, ci da zafinta." Sai ta fashe da kuka. "Wayyo ni! Kyauta kika kawo mini, na mai da ita zagi. Ki yafe mini."

"Na yafe, Mama."

Hennes ya sunkuyar da kai. "Ni ma ku yafe mini. Da na buɗe baki tun farko, da ba a kai nan ba."

Jirgin Husum ya tashi babu Wiebke, aure ya zauna daram. Sai dai kash! Frau Pütz ba ta ga bazara ba. Juma'o'in da suka samu tare ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma har ta cika tana cewa da ta sani.

Mahaƙurci mawadaci, Wiebke ta ga ribar haƙurinta. Amma ku iyaye masu riƙe fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, da ku maza masu yin shiru tsakanin uwa da mata, ku sani ana iya shiryawa daga baya, shekarun da aka ɓata ne ba sa dawowa.