Zanen Hasna Da Ya Ɓace A Danau Kota

Ranar da aka sallami Ashafa daga cibiyar killace masu korona, a watan Yulin 2021, ya koma ɗakinsa a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje, ya tarar babu zanen da ya yi. Kafin la'asar Sufeto Kamarul na ofishin 'yan sandan Setapak ya iso.

"Zanen waye?"

"Hasna. Wadda zan aura." Ashafa ya nuna hoton a waya: fuska koriya, baki a karkace, idanu kamar an zuba musu garwashi. "Ranar Asabar za a nuna shi a baje kolin intanet."

"Haka take?"

"Haka na gan ta."

Ba a fasa ƙofa ba. Sufeto ya shafa wani tabo kore a jikin ƙyauren, ya manne masa a yatsa.

"Fentin mai ne," in ji Ashafa. "Idan na lafta shi da kauri, sai ya yi wata bai bushe ba."

Fa'iz, ɗalibin da suke zama tare, ya rantse babu wanda ya shigo.

"Ana kulle, Oga, wa zai zo? Ko abinci tapau nake yi, wato oda, a kawo min har ƙofa."

Sufeto ya buɗe littafin maigadi, inda kowane baƙo ke rubuta suna da zafin jikinsa.

"Talata, ƙarfe biyu, wata Halimatu ta zo ɗakin nan. Lambar wayarta ba ta cika ba. Makulli nawa ne?"

Fa'iz ya sunkuyar da kai. "Uku. Na ukun yana wurin Hasna."

Washegari da safe Hasna ta buɗe wa Sufeto da kofur ɗinsa ƙofarta a unguwar Cheras. Fuskarta ba ta yi kama da komai a zanen ba.

"Rabona da gidan Ashafa mako uku," in ji ta.

"Kin yi korona, ko?"

"Na warke. Wa ya gaya maka?"

"Hancinki ne bai warke ba. Tun daga baranda nake jin warin fenti, da takunkumina da komai."

Ta juya ciki. Sannan ta janyo zanen daga bayan kabad, ko ƙwarzane babu.

Mutane kan ce wadda aka zana ta gama samun daraja. Ba a cika tambayar wadda aka zana ɗin ba.

"Ranar da Ummata ta rasu a Kano ne," in ji Hasna. "Babu jirgi. A waya na ga an fito da makara. Na ruga wurinsa ina kuka, ya rungume ni, ya ba ni ruwa. Can na ɗago kai, sai na ga yana haɗa launi."

"Kin roƙe shi kada ya nuna?"

"Sau biyu. Ya ce shi ne mafi gaskiya a duk abin da ya taɓa zanawa. Gaskiya ne kuwa, Yallaɓai, matsalar ke nan. Ko Abbana bai ga wannan fuskar ba, sai baƙi?"

"Me ya hana ki ƙona shi?"

"Na ƙyasta ashana, amma na kasa. Hannunsa ne a jiki."

Sufeto ya rufe littafinsa, bai taɓa ankwa ba.

"Dole ki zo ki ba da bayani. Shi ma zan kira shi, ya zauna ya ji da kunnensa. Janye ƙara a hannunsa take."

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta koma ciki, ta fito da zanin atamfa ta miƙa wa kofur ɗin da ke riƙe da zanen.

"Don Allah rufe shi kafin mu sauka. Akwai mutane a lif."