Jar Darar Laftanan Gariba

"Hula ce kawai fa, Yakuba! Ka aza ta a ka, a ɗauki hoto, ka cire. Shi ke nan!"

Safiyatu ce ke wannan magana a kan matakalar benensu a unguwar Concourse Village da ke Bronx, a Amurka. Gyalenta ya zame, kwallin da ta ɓata safiya tana zizarawa ya gangaro har haɓa.

Yakuba na tsaye ƙasa da ita, takalmansa a hannu. Ya baro falon babanta ko sa su bai tsaya yi ba.

"Ba zan iya ba, Safi..."

"Hula ce!"

"A gidanku ne take hula."

Jar dara ce, ta kakan babanta, Laftanan Gariba. Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan babanta Alhaji ya ji tarihin Laftanan, ko yana so ko ba ya so. An ɗauke shi soja yana saurayi, ya yi wa Faransa yaƙi a ƙasar da ruwa ke daskarewa, ya baro yatsu biyu a can, ya dawo da lambar girma da anini a kafaɗa. Nasara suka naɗa masa rawani, suka ba shi garuruwan da bai taɓa kwana a cikinsu ba. Yau jikansa Alhaji tasi yake tuƙawa a Bronx, amma in ya zauna ƙarƙashin hoton Laftanan, ko mai kawo wasiƙa sai ya ji kamar ya durƙusa.

Al'adar gidan ita ce duk mai neman 'yarsu ya sa hular ranar gaisuwa, ya sara wa hoton. An daɗe ba a yi ba, asu ma ya ci rabin gezar. Hamidu ne ya tuna wa Alhaji. Ɗan baffanta ne, ya taɓa nemanta ta ce ita kallon yaya take masa. Shi ne ya je teburin turaren Yakuba a titin 125, ya tambaye shi sunan garinsu cikin fara'a, ya tafi bai sayi komai ba. Sunan garin kaɗai ya ishe shi gane abin da hular za ta haifar.

"Gaya min dalili," ta ce. "Ko ƙarya ce, gaya min!"

"Garinmu na cikin waɗanda aka ba shi, Safi. Shekarar aikin hanya ya zo da kansa, da wannan hular a kansa, ya kwashe mazan gari a igiya ana tsakiyar girbi. Kakata tana goye. Ubanta bai dawo ba."

Ta dafa bango.

"Har yau ba a shiga gidanmu da jan abu a ka. Ranar da zan taho, tsohuwar ta riƙe hannuna ta sa na rantse. Shi kaɗai ta roƙe ni."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ina na san jininsa ce ke? Kullum ke zancen karatun jinya, ni zancen turare. Da sunan mutumin nan aka hana ni fitsarin kwance, masoyiyata. Yau na ɗaga kai na gan shi a bango."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

"Jira ni... Don Allah jira ni!"

Ta koma falon da gudu. Baƙi na zazzaune, hular na kan faranti kamar abincin da aka ƙi.

Ta durƙusa.

"Baba, ku yafe masa hular nan."

"Ya fice min daga falo gaban mutane! Ya raina mutumin da ya shimfiɗa hanya, ya haƙa rijiyoyi!"

"Da hannun wa, Baba?"

Alhaji ya nuna ta da yatsa.

"A makarantar Amurka aka koya miki wannan? To ki ji. Ko hula, ko ya nemi mata a wani gidan."

Hamidu na zuba shayi, kansa a ƙasa.

"Ni dai ta yi min daidai, Baffa. Na taɓa gwadawa."

Da ta fito, Yakuba na nan inda ta bar shi. Fuskarta kawai ya duba.

"Akwai liman a Harlem," ya ce a hankali. "Zo mu je, masoyiyata. Gobe ma."

"Ba yawun Baba? Ka ce in bar ubana saboda mamaci?"

"Ke ma kin ce in bar kakata saboda mamaci."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya fi yi musu ciwo ke nan.

"Ina son ka, Yakuba..."

"Na sani. Da ba ki so na, da abin ya zo da sauƙi."

Ya sauka. Ba ta bi shi ba.

Ba ta auri Hamidu ba. Ta faɗa masa gaban Alhaji cewa ya je ya auri hular, tunda ta yi masa daidai.

Sai da sanyi ya wuce ta iya taka titin 125. A gurbin teburin turaren ta tarar da wani mutumin Gana, Kwabena, yana sayar da kayan waya.

"Mai turaren fa?"

"Ya koma Ohio, 'yar'uwa. Ke ce Safi?"

Ta gyaɗa kai.

"Ya ce in kin zo in gaya miki bai yi fushi da ke ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Za ki sayi caja?"

Ta saya. Sai a cikin jirgin ƙasa, tana share hawaye, ta lura ba ma irin ta wayarta ba ce.